Kawu Iro da Haƙorin Tunkiya

Duk wanda ya zauna da Kawu Iro ya san ba a ido yake kallon mutum ba. Baki yake kallo. Kana gaishe shi, shi kuwa ya karkata kai yana leƙen haƙoranka, kafin ka kai ga tambayar gajiya ya riga ya yanke maka shekaru. Sau da yawa yana kuskure, amma ban taɓa jin ya janye ba. Ku da kuke zuwa ɗakin Habu direba a unguwar Mesaimeer, nan Doha, bayan sallar Juma'a kuna tune da ranar da ya ce Habu ya haura hamsin. Habu ya zaro katin zamansa ya dangwara masa a hannu. Kawu ya juya katin gaba da baya, ya miƙa masa abinsa.

"Katin nan bai taɓa tauna komai ba," in ji shi. "Ni haƙori na tambaya."

Ni ne Sabi'u, ɗan ƙanwarsa, mai gadi a ɗaya daga dogayen benayen West Bay. Wasunku ba su san ni da wannan sunan ba, sai da wanda ya laƙaba mini, wato Malam Wataƙila. Ya ce an kai ni jami'a ina cewa i da a'a kamar kowa, na dawo da digiri da kalma ɗaya. Ba zan ce ya yi mini ƙarya ba. Ko wannan rubutun sai da na yi ta ɗagawa, don tsoron kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. To, abin da na gani zan ce na gani, abin da aka gaya mini zan ce an gaya mini.

Kafin ya zo Doha, dillalin tumaki ne a kasuwar Maigatari. Yadda ya bar sana'ar, a gidanmu ana ba da labarin iri-iri, amma duk sun haɗu a wuri ɗaya. Idan mai saye ya kama rago ya buɗe bakinsa, ya shafa gadon bayansa, sai Kawu ya matso ya ce, "Kafin ka taya, ka sani yana tari da asuba." Ko kuma, "Ƙafar hagun nan ta taɓa karyewa, ɗori ne ya yi kyau." Masu dabbobi suka yi masa magana, suka yi masa faɗa, daga baya suka daina ba shi igiya. Shi kuwa maganarsa ɗaya ce har ya bar duniya: "Wanda ya ɗora hannu a kan dabbata, sai ya ji aibinta." Da kasuwa ta ƙi shi, sai ya samu wani kafil, irin ubangidan da ke ɗaukar nauyin bizar baƙo, mai gida a Aziziya, yana neman makiyayi a izbarsa, wato garken da suke ajiye dabbobi a wajen gari. Can ya zauna da tumaki, hankalinsa kwance.

Sai annoba ta zo.

Abin da ya fi damun Kawu a korona ba cutar ba ce. Takunkumi ne. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin an ɗaura wa ɗan Adam abin da ake ɗaura wa raƙumi mai cizo ba, kuma yanzu kowa ya rufe baki, bai san da wa yake magana ba. Ranar da aka je yi musu gwaji, ya faɗa hannun Sista Rahila, nas ɗin nan 'yar Jos da kuka sani. Ta ɗauko tsinken audugarta ta ce, "Baba, buɗe baki." Ita ta ba ni labarin. Ta ce ya daɗe yana kallonta, sannan ya sauke takunkumin a hankali.

"Yau an zo kaina," in ji shi. "To duba da kyau, 'yata. Na ƙasan nan na dama yana rawa, kada ki ce ban gaya miki ba."

A cikin kullen ne ya kira ni wata safiya. Ina zaune a ƙofar benenmu da na'urar gwada zafin jiki a hannu, babu kowa da zan gwada.

"Wataƙila, an kawo mini fitina."

"Subhanallahi. Wace iri, Kawu?"

"Wata aba ce. Ƙafafu kamar karan dawa, ciki ya manne da baya, baki kamar na zalɓe. Ɗan Sudan mai kula da karnukan Ƙaramin Kafil ya tafi hutu an rufe jirgi, sai aka ajiye mini ita."

Ƙaramin Kafil shi ne ɗan maigidansa, saurayi mai son karnukan farauta.

"Kare ke nan, Kawu?"

"Haka na ce. Ya ce a'a, saluki ce, saluki ba kare ba ne. Na ce to in ba kare ba ce mece ce, tunkiya?"

Daga ranar sunanta Tunkiya. Tana da wani dogon suna na Larabci a takarda, amma ban taɓa ganin ta juyo an kira ta da shi ba.

Da farko ko inuwarta ba ya so. Ya ware riga guda ya ce rigar kare ce, ya kafa mata ƙusa nesa da ta salla. Ba ya taɓa 'yar kwikwiyar sai da safar hannu, irin shuɗiyar nan ta roba da aka yi ta rabawa lokacin annoba, wadda ake sawa sau ɗaya a yar. Kawu bai yar da ko ɗaya ba. Wankewa yake da sabulu, ya hura ta kamar balan-balan ya ga ko ta huje, ya shanya a igiya. Da aka sassauta kulle na je izbar, daga nesa na hango shuɗɗan hannaye jere suna ɗaga mini. Na ce masa likitoci sun ce wataƙila bai kamata a maimaita ba.

"Likitocin su suke saya?"

"Ai kyauta ake ba ku, Kawu."

"To kyauta ce ta sa zan wulaƙanta ta?"

Amma akwai abin da zuciyarsa ta kasa ɗauka, shi ne ramar. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kiwata ragon layya, a ce dabba tana hannunsa ana ƙirga haƙarƙarinta? Ya ce duk wanda ya gani zai ce shi ke cinye abincinta. Sai ya duƙufa: madara, shinkafa da romo, dabino, kitsen da aka yanke. Bayan 'yan watanni Ƙaramin Kafil ya kira ta bidiyo yana son ganin salukinsa. Kawu ya ɗauki waya ya zagaya ta gaba da baya, har da ɗan bubbuga mata cinya yadda ake yi wa balami, yana jiran yabo. Ya ce shiru ya fara ji, har ya zaci layin ya yanke. Daga nan yaron ya fara magana, kuma a cikin duk Larabcin da ya zubo, kalmar haram kaɗai Kawu ya kama.

Da yamma ya kira ni, muryarsa a sanyaye.

"Kai da ka yi karatu, bincika mini. Me mutanen nan suke nema a jikin kare?"

Gaskiya na ji daɗin tambayar. Digirina yana cikin akwati tun da na sauka a ƙasar nan, ba wanda ya taɓa cewa in bincika masa komai. Na shiga karatu a waya, kuma abin ya ja ni fiye da yadda na zata. Ashe gasa ce ake yi ta kyan karnuka masu asali, da dokoki da alƙalai, kamar kotu. Kullum in na tashi aiki sai in kira shi in fassara masa abin da na gano. Ban ce haka ake yi a ko'ina ba, iya abin da na karanta ke nan, da wanda na gani daga baya.

Na ce masa da farko kare ba ya shiga sai da takardar asali, mai sunan uwa da uba da kakanni, da wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ake cusawa a ƙarƙashin fatar wuya don kada a yi musanya.

"Kakanni har nawa?"

"Har kakan kaka, wani lokacin ma ya wuce."

"Ni daga kakana Ɗanbaba ban san kowa ba. Ashe ta fi ni dangi."

Na ce ana raba su rukuni-rukuni. Maza daban, mata daban, sannan a bi shekaru: 'yan kwikwiyo, matasa, manya, tsofaffi. Wanda ya ci a kowane rukuni sai a haɗa su a fitar da namiji ɗaya da mace ɗaya, su biyun su kara a fitar da gwanin wannan irin. In gasar ta haɗa iri-iri, sai gwanin saluki ya je ya tsaya da gwanayen sauran karnuka, har a rage saura ɗaya. Wannan bai ba shi mamaki ba. Ya ce ko a kasuwa ba a ɗaure uda da 'yankasa a turke ɗaya.

Inda muka sami matsala shi ne da na ce, a ƙa'ida, alƙali ba wai yana gwada wannan kare da wancan ba ne. Akwai rubutacciyar siffa ta cikakken saluki: yadda kai zai zama dogo siriri, ƙirji ya sauka ƙasa, ciki ya ɗage, ƙashin ƙugu ya ɗan bayyana, wutsiya ta yi lanƙwasa. Kowane kare da wannan siffar ake auna shi, wanda ya fi kusa da ita shi ya ci.

"Shi wannan cikakken, a wane gari yake?"

"Babu shi, Kawu. A takarda yake."

"Wa ya taɓa ganinsa?"

"Ina jin babu."

Sai ya ce, "To gasa suke da aljani. Ci gaba."

Da na zo kan yadda alƙali ke dubawa, sai na ji ya gyara zama. A tsayar da kare cak, ƙafafun baya a miƙe. Alƙali ya tsaya nesa ya kalli tsarinsa, ya matso ya ga haƙora, na sama su hau kan na ƙasa kamar almakashi. Ya bi wuya da kafaɗa da gadon baya da hannu. In namiji ne har maraina sai ya taɓa ya ji biyu ne. Sannan a sa mai riƙo ya yi sassarfa da shi, ya je ya dawo, ya zaga fili, a ga tafiyarsa.

"Tsaya," in ji Kawu. "Baki, baya, maraina, tafiya? Wataƙila, ai dillanci ne. Dillanci ne aka sa masa kwat."

Daga ranar ya karɓi abin hannu biyu. Ya rage mata abinci, yana yi yana ba ta haƙuri. Da ɗan Sudan ya dawo ya karɓi karnukansa, Tunkiya ta ƙi shi ƙememe. In ya ja igiya sai ta zauna, in ya zuba abinci sai ta kau da kai, sai ta koma ƙofar ɗakin Kawu ta kwanta kusa da takalmansa. Kawu yana ce mata, "Tafi can, ni ba ubanki ba ne," yana kuma gyara mata buhun da take kwanciya a kai. Dole aka bar masa ita.

Ni aka naɗa alƙalin gwaji. Ku da kuka san ni kun san ko kyanwa ce ta taho sai na ba ta hanya. Duk Juma'ar da na samu hutu, Habu zai kai ni izba da la'asar, a zana fili da sanda a kan yashi. Kawu ya tattare riga ya soke a wando, ya ɗaura hula da rawani don kada ta faɗi, ya yi sassarfa da ita yana haki. Ita tana tafe kamar ba ta taɓa ƙasa, shi yana binta kamar ana jan buhu. Su zo gabana su tsaya.

"To, alƙali?"

"Da alama tafiyar ta yi kyau, sai dai wataƙila..."

"Alƙali ba ya cewa wataƙila. Nuna da yatsa kawai, ka ce ke ta ɗaya, ke ta biyu. Matso ka duba bakin."

Na leƙa daga inda nake na ce lafiya lau. Ya girgiza kai, ya ɗaga leɓenta ta gefen hagu, ya nuna mini wani ɗan gurbi a bayan fiƙa. Ƙaramin haƙori ɗaya bai taɓa fitowa ba. Ya ce tun tana kwikwiyo ya lura, ya jira ko zai tsiro, bai tsiro ba. Ya gaya wa Ƙaramin Kafil, shi kuwa ya kaɗa hannu ya ce ba matsala. Na koma na karanta. Abin da na samu shi ne aibi ne, ba mai hana shiga ba, amma yana rage daraja, kuma masu kiwo suna gudunsa don ana iya gado. Wasu alƙalan suna bin haƙora ɗaya bayan ɗaya, wasu na gaba kawai suke kallo su wuce.

Gab da gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa maganar ta canza. Wani attajiri daga wata ƙasar maƙwabta ya ga bidiyon Tunkiya ya ce yana son ta don ta haifa masa. Aka yi da shi zai zo gasar karnukan da za a yi da sanyi, bayan an gama ƙwallo. In ta zo ta ɗaya a rukuninta, a motarsa za ta koma. Kuma tunda ba ta tafiya da kowa sai Kawu, shi zai shiga fili da ita.

Na ce masa, "Kawu, ka gane ko? In ta ci, ta tafi ke nan."

"Ta tafi mana. Tawa ce? In huta da wankin safa."

Bai rage komai a aikin ba, sai ma ƙari. Yana taje mata gashin kunne da matajin gemunsa, yana goge mata jiki da tsumma mai ɗumi. Amma Habu ya ce ya taɓa iske shi zaune a kan bokiti, ita ta ɗora haɓa a gwiwarsa, hannunsa a kanta, babu safa. Da ya ga Habu sai ya ce ƙaya yake cire mata.

Watan ƙwallo kuwa, mu muna ta fama. An tura ni ƙofar filin wasa ina nuna wa baƙi hanya, Habu yana jigilar 'yan kallo har ƙafarsa ta kumbura. Kawu bai san dokar ƙwallo ba, bai kuma nemi sani ba. In ya zo Mesaimeer aka kunna talabijin, lokacin da 'yan wasa ke jere ana taken ƙasa shi ne nasa wasan. Ya matsa gaban allo yana binsu ɗaya-ɗaya.

"Wannan ƙirjin bai sauka ba, ba zai yi numfashi ba. Wannan kafaɗa a tsaye. Wannan gajeren me ya zo yi? Ko rukunin kwikwiyo ba zai ci ba."

Gajeren nan ya zura ƙwallo, ya sake zurawa. Ɗaki ya kaure da dariya. Habu ya ce, "Dillali, yaya?"

"Ni siffa na duba," in ji Kawu. "Abin da ya yi daga baya, tsakaninsa da iyayensa."

A wannan zaman ne na yi suɓul da baka na faɗi wani abu da na karanta: tun zuwan korona alƙalai da yawa sun daina sa hannu a bakin kare, mai riƙo ne yake ɗaga leɓe ya nuna musu. Habu ya tafa.

"Shi ke nan ai. Ka ɗora babban yatsa a kan gurbin, ka nuna mata na gaba. Wa zai sani? Yaron ya ji daɗi, ka samu tukwici, kowa ya huta."

Ni ma, don kada in ɓoye, na goyi bayan a yi shiru, ko da ba a sa yatsa ba. Doka ma ta hana mai riƙo yi wa alƙali magana, sai in an tambaye shi shekarun kare. Ko sunan karen ba a faɗa, lamba ce kawai a damtse. Kuma ina tsoron ɓacin ran kafil, don mun san yadda zaman mutum yake a hannunsu. Kawu ya saurare mu duka, ya kurɓi shayi, ya ce sukari bai ji ba.

Ranar gasar aka kafa rumfuna a wani fili a wajen gari, an shimfiɗa koren kafet an kewaye da igiya. Ban taɓa ganin karnuka da yawa haka babu haushi ba. Wasu an sa musu riguna, wata an yi mata lalle a ƙafa. Alƙaliyar wata dattijuwar Baturiya ce mai farin gashi, ba ta murmushi, ba ta sauri. Na tsaya a bakin igiya, attajirin yana zaune a kujera kusa da ni, Ƙaramin Kafil a gefensa yana zuba masa gahawa.

Aka gama da maza, aka zo manyan mata. Kawu ya shigo da lamba a damtse da sabuwar safa, sabuwa fil, wadda na tabbata ya daɗe yana ajiyarta. Suka zaga fili. Wallahi ko ni da ban iya ba na ga bambanci. Alƙaliyar ta bi Tunkiya da ido har ta tsaya, attajirin ya ajiye kofinsa.

Da layi ya zo kansu, ta yi masa alama ya nuna baki. Ya ɗaga leɓen gaba. Ta duba, ta gyaɗa kai, ta wuce ta ɗora hannu a kan kafaɗar Tunkiya, ta bi gadon baya. Na saki numfashi. Bai sa yatsa ba, ba a kuma tambaye shi ba.

Sai na ji muryarsa.

"Madam. Sabar. Fi mushkila."

Mai kiran lamba ya taho da sauri yana ɗora yatsa a leɓe. Kawu bai ko kalle shi ba. Ya juya kan Tunkiya, ya ɗaga leɓen hagu sosai, ya nuna gurbin. Sannan ya waiwayo wajena.

"Wataƙila, gaya mata da Turanci, kada ta ce ba ta ji ba."

Duk idanu suka dawo kaina. Na ce da Turanci, cikin ladabi, mai yiwuwa akwai haƙori ɗaya da bai fito ba. Ashe a duk Turancin duniya kalma ɗaya ya riƙe, saboda ni.

"Ban ce mebi ba! Babu shi. Ce mata babu shi, kuma ba faɗuwa ya yi ba, haka aka haife ta."

Na faɗa, yadda kowa zai ji. Alƙaliyar ta sunkuya ta duba, ta duba ɗaya gefen, ta miƙe. Ta ce ta gode, ta kuma ce in gaya masa ba a magana a cikin fili. Ko da ma za ta dawo ta duba da kanta, ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Ta sa su suka je suka dawo, ta tsaya ta daɗe tana kallon layin, sannan ta nuna da yatsa. Tunkiya ta zo ta uku. Kafin a miƙa wa Kawu ɗan furen ƙyallen da ake bayarwa, attajirin ya tashi ya tafi kallon wadda ta zo ta ɗaya.

Ƙaramin Kafil ya zo fuskarsa a murtuke. Ya yi magana mai tsawo, ya ƙare da "khalas", wato shi ke nan, ya shiga mota ya bar mu a wurin. Habu ne ya kwashe mu, Tunkiya a tsakiya. Da muka hau babban titi, sai Kawu ya ce, "Matar nan ta iya aiki. Amma haƙoran bakinta sun cika kyau, ba nata ba ne."

Na yi makonni ina jiran a ce an soke masa biza. Ba a soke ba. Yaron ya daina yi masa magana na wani lokaci, daga baya hankalinsa ya koma kan shaho, aka manta da Tunkiya a ƙofar ɗakin makiyayi. Furen ƙyallen kuwa, Kawu ya warware shi ya ɗaure bakin ledar sukari.

Abin ya daɗe yana cina. Wata Juma'a da la'asar muna zaune a izba, tumaki suna cin ciyawa, ita tana kwance a kan ƙafarsa, na daure na tambaya.

"Kawu, don Allah in tambaye ka. Ranar nan, saboda ta ɗora hannu ne ka faɗa, kamar yadda ka saba? Ko kuwa don kada a tafi da ita ne?"

Ya kalle ni, kuma a ido, ba a baki ba. Sannan ya sunkuya ya ja kunnen Tunkiya a hankali.

"Wataƙila," in ji shi.

Na jira in ji ko kirana yake yi, zai ci gaba. Bai ƙara komai ba.

Da zafi ya shigo, Kawu ya kwanta ciwo, kuma bai daɗe ba. Sista Rahila tana aiki a ɗakin asibitin da aka kwantar da shi. Ta ce da likita ya zo ya ɗora masa hannu a ƙirji, sai Kawu ya riƙe hannun ya ce a fassara masa: yana tari da asuba, gwiwar dama ta daɗe da lalacewa, kuma yana da saurin fushi. Likitan ya ce na ƙarshen ba aikinsa ba ne. Kawu ya ce ya dai sani, tunda ya taɓa.

A maƙabartar Mesaimeer muka kai shi, da yawanku kuna wurin. Tunkiya tana izba har yanzu. Ta yi kwanaki ba ta ci ba, daga baya ta yarda da ɗan Sudan, amma a ƙofar ɗakin nan take kwana. Ina zuwa in na samu hutu. Ta ɗan yi ƙiba, ba wanda ya ce komai. Zuwan da na yi na ƙarshe na ciro safa ɗaya daga igiyarsa, duk rana ta cinye ta, na sa, na ɗaga leɓen Tunkiya da hannuna na ga gurbin yana nan.

Ya Allah, bawanKa Ibrahim bai taɓa ɓoye wa kowa aibin dabba ba. Kai kuwa Ka san nasa tun kafin ya faɗa. Ka rufa masa su, Ka karɓe shi yadda yake, Ka sa ya huta. Wannan kam ba na cewa wataƙila. Amin.